Fuskar Zlatko a Bangon Gareji

Baƙuwar da aka damƙa a hannuna ta gyara fuskar mamacin da ke bangon garejin unguwarmu, kuma gyaran ya yi kyau. Abin da ya ɓaci ke nan, ba wani abu ba.

Sunana Gvozden. Sana'ata kafa ƙarafa da katakon da magina da masu fenti ke hawa. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma na daɗe a Luksamburg ina ɗora bulo tare da mutanen Fotugal, na tsinci yarensu a bakin aiki, rabi zagi rabi sunayen kayan gini. Shi ya sa da masu shirya bikin zanen bango na Belgrad suka gayyato wata mai zane daga Porto ta ƙasar Fotugal, suka ba ta bangon wani dogon bene a nan Karaburma, sai suka ce ga Gvozden nan, shi zai kafa mata ƙarfe, shi zai zama bakinta.

Leonor sunanta. 'Yar siririya ce, ba ta kai arba'in ba, faratanta kullum da fenti, tana cin burek, wainar nan tamu mai nama, kamar direban babbar mota. Ranar farko na ce mata ga bangonta can, ta hau mu gama. Ta ce ita ba ta zane a garin da ba ta taka ba. Na ce ni ƙarfe aka biya ni in kafa, ba yawon gari ba. Ta ce to in ba ta makullin motata ta je da kanta. Motata ba ta jin maganar kowa sai ni, don haka na tuƙa.

Mun sha yawo. Ƙarƙashin gada, bayan tsoffin ɗakunan ajiya na bakin kogi, lungunan Dorcol, tsakanin dogayen benaye na ƙetaren ruwa. Duk inda ta ga fenti sai ta ce in tsaya. Ta fita ta shafa bango da tafin hannu, ta kankara da farce, ta ja baya ta karkata kai. Wani zanen ta ce mai shi ya iya amma ba ya son kowa. Wani ta ce yaro ne, yana sauri don kada a kama shi, amma bayan shekaru za a ji sunansa. Ni dai abin da nake gani bango ne da ruwa ya ci gindinsa. Na faɗa mata haka, ta ce ai shi ma karatu ne, in ci gaba da faɗa mata wane bango ne zai riƙe fenti wane ne zai zubar. Da haka muka saba. Tana kirana "Ƙarfe," ina kiranta "Farce."

Abin da ya fi tsaya mata a rai fuskoki ne. Kowace unguwa da nata: saurayi da gyalen ƙungiyar ƙwallo a wuya, wani da hula, ƙasansa shekarar haihuwa da ta mutuwa. Ta lura cewa yaran da ke rubuta sunayensu a kan komai, har a kan zanen manyan gwanaye, suna zuwa gefen irin wannan fuska sai su tsaya cak, su bar tazara. Ta tambaye ni dalili.

Na ce, "Matattu ne. Ba a taɓa su."

Ta ce ko hukuma? Na ce hukuma ma tana da gilashin mota da za a iya fasawa.

Ta yi dariya, amma na ga maganar ta zauna mata. Ta ce a garinsu zane ba ya shekara biyu wani bai hau kansa ba, ba ta taɓa ganin inda bango ke da alfarma haka ba.

Namu mamacin yana bangon ƙarshe na layin gareji, daidai inda hanya ke gangarawa kasuwa, jifa ɗaya daga benen da aka ba ta. Zlatko, ɗan Teta Stanka (Teta shi ne inna a yarenmu) mai sayar da cuku da barkonon tsami. Babur ya kashe shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Abokansa ne suka zana shi, kuma babu mai zane ko ɗaya a cikinsu: direban bas, mahauci, mai gyaran famfo, da irinsu. Gaskiya hoton ba shi da kyau. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, hanci kamar dankali, kunnen hagu ya kusa sauka kafaɗa. Fentin ya yi kauri har ya yi tudu, domin duk shekara ranar da ya rasu abokan sukan taru da kwalbar rakija, giyarmu ta gida, da buroshi guda ɗaya, kowa ya kurɓa, ya karɓi buroshin ya bi ta kan wurinsa. Kowa da wurinsa. Krsta direban bas shi ke da baki. Waɗanda suka tafi Jamus neman abinci sukan sa hutunsu ya faɗo a lokacin. Girar dama ta mahaifinsa ce, Dragutin, kuma tun da shi ma ya rasu ba wanda ya ƙara bi ta kanta. Ana zagaye ta da buroshi a hankali, tana nan tana dusashewa.

Teta Stanka kuwa kullum da safe ta nan take wucewa da kekenta na jan kaya. Takan tsaya ta ce masa ina kwana, ta ba shi labarin farashin barkono, wani lokaci ta yi masa faɗa a kan babur kamar jiya abin ya faru. In ta ga kashin tsuntsu a goshinsa ta goge da tsumma. Sannan ta gangara. Daga ƙofarta zuwa teburinta a kasuwa ba nisa ta wannan hanya, kuma gwiwoyinta ba su da sauran wata hanyar a cikinsu.

Leonor ta ga hoton tun ranar da muka fara kafa ƙarfe. Ta daɗe a gabansa. Ta ce fentin yana ɗagowa, damina biyu ko uku zai fara zubowa ɓawo-ɓawo. Na ce mata ya shekara goma sha yana ɗagowa, kuma na maimaita mata abin da na faɗa a mota: ba a taɓawa. Na ba ta labarin buroshi da kwalba. Ta ce ta ji. Kuma na yarda ta ji, don ba ta sake tayar da maganar ba, ta hau bangonta ta fara zana wata mata mai ɗauke da kwandon barkono, tsayin hawa biyar. Teta Stanka ce matar, a hanya ta gan ta, ko da yake ba ta sa fuskarta ba.

Dubravka ce ta shigo da abin. Ƙanwar Zlatko ce, ma'aikaciyar jinya, tana da 'ya'ya biyu, kuma tana jin Turanci, don haka ba ta bukaci bakina ba. Ta fara kawo wa Leonor kofi a gindin ƙarfe, suna zama a kan bokitan fenti suna hira. Daga baya ne Leonor ta ba ni labarin abin da suka tattauna. Dubravka ta ce mata tana 'yar shekara goma sha uku yayanta ya rasu, kuma yanzu in ta rufe ido ta nemi fuskarsa, hancin dankalin nan ne ke zuwa mata. 'Yarta ƙarama tana tsoron bi ta wurin, tana ce masa dodo. Ta ce abokansa sun mai da shi abin shan giyarsu na shekara-shekara, ita kuwa ba a taɓa miƙa mata buroshin ba ko sau ɗaya, don ita mace ce kuma yarinya ce a lokacin. Ta fito da hotonsa na gaske daga jaka, wanda aka ɗauka a bakin kogi yana dariya. Ta ce jininta ne, in akwai mai ikon cewa a gyara, ita ce.

Leonor ta ce mata Ƙarfe ya ce ba a taɓawa. Dubravka ta ce Ƙarfe ba ɗan gidansu ba ne. Wannan kuwa gaskiya ne.

Suka zaɓi Asabar ɗin ziyarar kaburbura, ranar da duk mai mamaci yake maƙabarta da kyandir da dafaffiyar alkama. Ni ina kan kabarin uwata. Teta Stanka tana tsakanin mijinta da ɗanta. Krsta da sauran su ma suna can. Dubravka ta ce tana da aiki a asibiti. 'Yan tsirarun da suka wuce ta layin gareji sun ga baƙuwa a kan tsani da gwangwanin feshi, amma sun ga ƙanwar mamacin ce ke riƙe da tsanin, sai suka ɗauka an gama magana a gida.

Da la'asar na dawo na tarar da mutane a tsaye a layin gareji. Na kutsa na duba. Zlatko ne. Ba kama ba, shi ne. Haƙorinsa na gaba da ya ɗan karye, yadda yake runtse ido ɗaya in zai yi maka tsiya, har jan da kunnensa ke yi. Na san yaron tun yana satar mini ƙusa.

Leonor tana gefe tana goge hannu, fuskarta a sake, tana jiran a ce wani abu. Ta dube ni. Na ce mata da yarensu, "Farce, kin kashe mu." Ba ta gane ba sai da Krsta ya iso.

Krsta ƙato ne, mai wuya kamar na bijimi. Na matsa na tsaya tsakaninsa da ita, ko da yake na san ba zai taɓa mace ba. Bai ko dube ta ba. Ya je ya sa yatsa a kan girar dama, sabuwa, baƙa, mai kyau, ya juyo wajen Dubravka.

"Ina hannun babanki?"

Dubravka ta ce babanta yana maƙabarta, yayanta kuma ga shi nan a karon farko. Ta ce shekara nawa suna damalmala shi suna kiran abin girmamawa.

Krsta ya ce, "Ke 'yar ƙanwa, mu ba hoto muke yi ba. Hoto akwai a aljihun kowa. Bakin nan sau goma sha ina bin sa da hannuna."

"Sau nawa ka ba ni buroshin?"

Krsta ya juyo kaina ya ce, maƙwabci, baƙuwarka ce, kai ka san yadda za ka yi da ita. Na ce baƙo makaho ne ko da idonsa, a tambayi wanda ya ja masa sanda. Ya ce ƙarafana za su iya wayar gari a cikin kogi. Na ce in ya iya ɗaga ko ɗaya da wannan tumbin, na bar masa kyauta. Wani ya yi dariya, abin ya ɗan sassauta.

Ina fassara wa Leonor duk abin da ake faɗa, ban rage komai ba. Ta ce in gaya wa Krsta ta ɗauki hoton tsohon zanen ta kowane gefe kafin ta fara, za ta iya mayar da shi daidai, karkataccen ido da hanci da komai, ba wanda zai bambance. Krsta ya ce to wa zai zana girar, ita ko Dragutin? Ta ce to za ta cire nata fentin kawai, na ƙasa yana nan. Ta ɗauko tina, ruwan cire fenti, da tsumma ta gwada a can ƙasa, wajen kwalar riga. Sabon ya tashi, tsohon ya biyo shi kamar ɓawon ƙwai, sai ga farin siminti. Na riƙe hannunta na ce ya isa.

Sai Krsta ya ce a shafe duka. A mai da bangon fari, su sake nasu daga farko. Ya shiga garejinsa ya fito da rola da bokitin farin fenti, ya tsoma, ya ɗaga. Muna tsaye muna kallo. Zlatko yana kallonsa da idon nan a runtse. Fenti yana ɗiga a kan takalmin Krsta, ɗis, ɗis, hannunsa yana sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa mahauci rolar, mahauci ya sa hannuwa a aljihu. Mai gyaran famfo ya juya baya yana neman sigari. Ba a shafe fuskar mamaci. Ba a taɓa yi ba a unguwar nan, balle wannan da take shi ne sak. Dokar da ta kasa tsare tsohon zanen ita ce ta tsaya wa sabon.

Ana cikin haka Teta Stanka ta sauko daga bas da baƙin gyalenta da kwanon alkamar da ta rage. Mutane suka buɗe mata hanya, ba don suna so ba. Dubravka ta taho za ta tare ta, tsohuwar ta ture hannunta.

Ta tsaya a inda take tsayawa kullum. Ta ɗaga kai. Ban ga ta yi kuka ba, kwanon ma bai faɗi ba. Bakinta ya motsa kamar za ta ce masa wani abu irin na kullum, maganar ba ta fito ba. Ta ja baya taku ɗaya, ta sake ja.

Ta tambaya wa ya yi. Aka nuna mata Leonor. Ta ce in gaya mata tana da hannu, Allah Ya ba ta hannu. Leonor ta fara ba da haƙuri, kalmomi suna rige-rige, ni ma na kasa bin su. Teta Stanka ta ɗebi alkama a cokali ta miƙa mata, kamar yadda ake ba kowa a ranar, don ran mamaci. Leonor ta karɓa ta ci tana hawaye.

Da muka raka Teta Stanka gida, ni da Dubravka, a bakin ƙofa ne ta yi maganar da ta yi, kuma ba da faɗa ba.

"Wancan na da, ina iya yi masa faɗa in wuce. Wannan kuwa yanzu zai ce, Mama, me aka dafa?"

Dubravka ta ce, "Mama, don ke ma na yi."

"Na sani, ɗiyata. Shiga ki ɗora ruwa."

Washegarin da kasuwa ta ci, ina kan ƙarfe tun da sassafe, na hango Teta Stanka ta fito da kekenta. Ta zo har kwanar layin gareji ta tsaya. Ta juya. Ta bi ta sama, ta bayan makaranta, inda sai an hau tudu sannan a sauko ta dogayen matakala, a zagayo ta bakin titi. Mai lafiyayyar ƙafa ma yana jin wannan hanya. Na sauka na bi ta na karɓi keken. Na ce, Teta, ki rufe ido ki wuce mana, taku nawa ne? Ta ce in rufe ido in wuce ɗana? Na ci gaba da jan keke.

Leonor ta gani daga sama. Da rana ta ƙi cin abinci. Ta ce in taimaka mata ta kafa allo ko labule a gaban bangon. Na ce wa zai rataya wa mamaci labule a fuska? Ta ce to ta biya wanda zai riƙa kai tsohuwar kasuwa a mota. Na kai saƙon, Teta Stanka ta ce ita ba kaya ba ce. Leonor ta ce to me za ta yi? Na ce ta gama bangonta, shi aka kawo ta yi. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba ita kaɗai ta nema ba.

Ta gama. Matar mai kwandon barkono tana nan har yau, mutane suna zuwa daga wasu unguwanni suna ɗaukar hoto, daga nan su gangara su ɗauki na Zlatko, su ce shi ne ya fi kyau a duk garin. Ban musa ba. Ranar da za ta tafi ta je gidan Teta Stanka, aka ba ta kofi da kwalbar barkono ta kai wa uwarta. Na ɗauke ta muka kama hanyar filin jirgi. Mun wuce fuskoki da yawa a bango, ba ta ce in tsaya ba. Har yanzu takan aiko mini da saƙo, kuma tambayarta ɗaya ce: ta wace hanya tsohuwar take bi?

Da ranar Zlatko ta zagayo, abokan sun taru kamar kullum, har da biyu daga Jamus. Krsta ya zo da kwalba da buroshi. Wannan karon ya aika aka kira Dubravka, ya miƙa mata buroshin kafin kowa. Ta karɓa ta tsaya a gaban yayanta, ta duba sama ta duba ƙasa, ba inda za ta sa shi ba ta ɓata ba. Ta cike ɗan farin wurin nan na kwalar riga, ta mayar. Sauran suka sha giyarsu, buroshin yana kwance a kan murfin bokiti har ya bushe. Shekarar da ta biyo baya na Jamus ba su zo ba.

Teta Stanka ta yi kaka ɗaya da hunturu ɗaya tana bin matakala. In ina kusa in ja mata keke, in ba na nan Krsta ko Dubravka, wani lokaci ba kowa. Ƙanƙarar hunturun ta gama da gwiwar hagu. Kafin barkono ya sake nuna ta bar wa wata mata teburinta, wanda ta riƙe tun kafin a haifi Zlatko. Yanzu tana zaune a gida, kujerarta a tagar kicin, wadda ke kallon wajen ajiye shara, don ɗayar tagar tana hango ƙarshen layin gareji.